Ƙwayoyin da Dokta Ya Ba Toka

A unguwar, in ka ce Dokta kowa ya san wanda kake nufi, ko da yake mutumin bai taɓa zama ajin koyon likitanci ba ko na yini ɗaya. Shagon sayar da magani gare shi a bakin titi, tsakanin mai faci da mai ɗinki. Shekara goma sha tara ke nan yana tsaye a bayan kanta. Ya haddace sunayen magunguna da launin kwalayensu, har yakan miƙa hannu baya ya ɗauko abin da ake nema ba tare da ya waiga ba. Mutum ne mai fara'a, ba ya ƙyashin taimako, kuma sau da yawa maganinsa yakan yi aiki. Aibinsa ɗaya ne. Tun da mutane suka laƙaba masa wannan suna, sai ya yarda da shi fiye da waɗanda suka laƙaba masa. Ba ya tambaya, kuma ba ya son a ce masa ya tambaya. Ko me ka kawo masa, yana da amsa kafin ka rufe baki.

Mai faci yakan leƙo ya ce, "Dokta, tayar nan tun safe take sacewa, ko akwai abin da za ta sha?"

Shi kuma ya ce, "Kawo ta. Biyu safe, biyu yamma, kada ta sha da ruwan sanyi."

Sai a yi dariya. Amma a can cikin ransa, Dokta ya gaskata cewa babu ciwon da zai gagare shi.

Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Baba, tsohon direban babbar mota ne. Yana zaune a gidansa na asali, layi biyu daga shagon, tare da ƙanwar Dokta, wadda suke kira Auta. Malamar makaranta ce, takan fita da sassafe ta dawo da la'asar. Akwai kuma na ukunsu a gidan, wato kare. Shekara takwas da suka wuce, Baba yana dawowa daga tafiya ana ruwan sama, ya ji kukan wani abu a cikin kwata. Ya tsuguna ya ciro ɗan kwikwiyo a cikin buhu, jikinsa sai rawa yake. Ya kawo shi gida, ya goge shi da tsumman mota, ya riƙa ba shi madara da cokali. Saboda launinsa ya sa masa suna Toka. Ya kafa masa 'yar rumfa a tsakar gida kusa da famfo, karen ya girma ya zama mai gadin gidan.

Shekara uku baya, ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, likitoci suka ce lallai ya riƙa takawa kullum, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Baba ya ƙi. Auta ta yi lallashi, Dokta ya yi faɗa, duk a banza. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota ba ya son 'yan unguwa su gan shi yana jan ƙafa. Toka ne ya fitar da shi. Kullum da safe yakan zo ƙofar ɗaki ya zauna yana 'yar ƙara, ya je bakin ƙofar gida ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Rannan Baba ya gaji, ya ce a miƙo masa sanda. Daga ranar, kowace safiya za ka gan su, sanda a dama, kare a hagu, wajen ƙafar da ba ta da ƙarfi. In Baba ya tsaya, Toka ya tsaya. Haka za su yi ta lallaɓawa har bencin da ke ƙarƙashin bishiya a ƙarshen layi, inda tsofaffi ke taruwa.

Wata safiya Toka ya fito daga rumfarsa yana ɗingishi. Ya ɗage ƙafar gaba ta dama, in ya taka sai ya yi ƙara ya janye. Ranar ba su kai ko rabin layi ba suka juyo.

Dokta ya biyo ta gidan zai je shago, ya tarar da Auta tana sa takalmi, tana cewa, "Yaya, don Allah ka kai shi wajen likitar dabbobi yau. Ga asibitinta can bayan kasuwa. Ni ina da jarrabawar yara, da na kai shi da kaina."

Dokta ya yi dariya. "Wace likita? Yarinyar nan da nake sayar wa uwarta maganin tari tun tana goye? Ita zan je in yi wa layi saboda kare?"

"Ai karatun ta yi, Yaya."

"Ni kuma shekara goma sha tara nake wasa, ko? Ke dai tafi makarantarki."

Da ta fita, ya tsaya daga nesa ya dubi karen, hannayensa a aljihu. Bai taɓa shafa Toka ba tun da aka kawo shi gidan. Ba ƙinsa yake ba, shi dai kare kare ne a wurinsa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Sanyin ƙashi ne, Baba. Tsufa ne ya zo masa, kamar kai."

Baba ya ce, "Kai ma yana nan tafe, ɗan nema."

Da hantsi Dokta ya dawo da katin ƙwayoyi, irin waɗanda yake ba masu dako da leburori in jiki ya yi tsami. Ya ce a ba shi biyu da safe, biyu da yamma, a cusa a cikin nama. Toka ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai na Baba, don haka Baba ne zai riƙa ba shi.

Baba ya juya katin a hannunsa mai lafiya. "Wannan ba na mutane ba ne?"

"Ciwo ai ciwo ne, Baba. Ƙashin kare da na mutum duk ƙashi ne. Amma kada ka gaya wa Auta, yanzu za ta cika mu da surutu."

Baba ya yi murmushi, ya tura katin ƙarƙashin matashinsa. Ɗansa ne, kuma duk unguwa Dokta suke ce masa.

Kwana biyu na farko abin ya yi kamar an dace. Ɗingishin ya ragu, Toka ya raka Baba har benci. Dokta ya baza labari a bakin shago. Mai faci ya ce, "To, sai ka sauya allon shagon nan, ka rubuta mutane da karnuka." Dokta ya ce, "Har da tayoyi." Da Auta ta ce ta ga Toka ya samu sauƙi, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ban ce miki ba?"

A rana ta huɗu Toka ya yi amai sau biyu a bakin famfo. Auta ta wanke wurin, ta sake maganar asibiti. Dokta ya ce tsutsar ciki ce, ya kawo maganin tsutsa ya ba Baba a gabanta. Da ta juya baya ya rage murya ya ce, "Wancan ma a ci gaba, kada ciwon ƙafar ya dawo."

A rana ta biyar karen ya ƙi abinci. Ya sunsuna naman ya kau da kai. Baba ya zauna a kan kujerar roba a gabansa yana lallashi, yana kiran sunansa a hankali, har ya buɗe baki ya karɓa. Bayan haka sai ya yi ta shan ruwa, ya shanye kwano ya koma ya tsaya a bakin famfo. Kashinsa ya koma baƙi ƙirin, mai yauƙi kamar kwalta, da wani irin wari da ya cika tsakar gida.

Dokta ya zo ya gani. Ya san baƙin kashi. Ya sha gaya wa masu shan irin ƙwayar nan kada su sha da yunwa, domin tana cin ciki. Ya koma shago ya zaro takardar da ke cikin kwalin ya karanta daga sama har ƙasa, abin da ya yi shekaru bai yi ba. Babu inda aka ambaci kare. Ya ɗauki wayarsa, ya nemo lambar likitar, ya daɗe yana kallonta. Sai ya tuna abin da ya faɗa a gaban Auta, ya tuna dariyar bakin shago. Ya mayar da wayar aljihu. Ya gaya wa Baba a dakatar da ƙwayar haka nan, ta gama aikinta. Ya kawo farin maganin gyambon ciki na ruwa, ya ce a ɗura masa. Ya ce wa kansa, zuwa gobe zai warware.

Gobe ta zo, Toka bai fito daga rumfa ba. Baba ya sa rigarsa, ya ɗauki sanda, ya tsaya a tsakar gida yana jira. Karen ya ɗago kai, ya buga wutsiya a ƙasa sau ɗaya, ya yunƙura, ƙafafun baya suka ƙi ɗaukarsa. Baba ya jingine sandar, ya jawo kujera ya zauna. A nan ya yini. Abincin da Auta ta ajiye masa ya huce a rufe.

Da yamma Auta ta samu yayanta a shago, idanunta sun yi ja. "Yaya, karen nan mutuwa zai yi. Ka ba ni makullin mota in kai shi da kaina."

"Ki ba maganin lokaci mana. Jiya-jiya aka fara."

"Wane lokaci? Ka duba dasashinsa kuwa? Fari fat! Ka dubi Baba, tun safe ko ruwa bai sha ba."

Akwai mutane biyu a shagon suna jiran magani. Dokta ya ɗaure fuska ya ce, "Ke za ki koya mini aikina? Na ce miki gobe." Auta ta juya ta fita.

Washegari da safe ba a jira ra'ayinsa ba. Toka ya amayar da wani abu baƙi-baƙi gauraye da jini. Auta ta buga masa waya, ta ce ko ya zo da mota ko ta tara masa maƙwabta. Ya zo. Suka shimfiɗa tsohon bargo, suka mirgina karen a kai. Ranar ce farkon da hannun Dokta ya taɓa jikin Toka, ya ji haƙarƙarinsa ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin fata, ya ji yadda jikin ya yi sanyi. Baba ya biyo su har ƙofar gida yana jan ƙafa, yana cewa, "A hankali, ku tallafi kansa."

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda. Akwai teburin ƙarfe a tsakiya, da fitila mai dogon wuya, da kejuna uku a jikin bango. Likitar ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Sannu da zuwa, Kawu," ta sa safar hannu. Ta ɗaga leɓen karen ta dubi dasashi, ta ja fatar wuyansa ta saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ta sunsuna bakinsa.

"Yaushe ya fara?"

Auta ta ba ta labari tun daga ɗingishi. Likitar ta kama ƙafar dama, ta buɗe tsakanin yatsun, ta jawo fitila. Ta ɗauki hantsaki, cikin minti biyu ta zaro ɗan guntun waya, bai kai tsawon ƙumba ba, ta ajiye a faranti.

"Ga abin da ya sa shi ɗingishi. Amma wannan ba ya sa aman jini. An ba shi wani magani?"

Auta ta ce, "Yaya ya ba shi na tsutsa, da wani fari na ruwa."

Likitar ta juyo. "Shi ke nan, Kawu? Babu wani?"

Dokta yana kallon guntun wayar nan a cikin faranti. Ga ƙanwarsa a tsaye, ga yarinyar da ya raina tana jiran amsa. Ya ce, "Shi ke nan."

"Ko akwai maganin ɓera a gidan?"

"Wataƙila a waje ya ci wani abu," in ji shi.

Ta ɗebi jini, ta aske gashin ƙafarsa ta sa masa ƙarin ruwa, ta yi masa allurai. Ta ce su bar shi a nan, sakamakon jini sai gobe, domin wani wuri ake kai shi. Ta ce tana lalube ne a duhu tun da ba ta san abin da ya ci ba, amma za ta yi iyakar ƙoƙarinta.

Ranar Dokta bai iya aiki ba. Wata mata ta nemi maganin mura, ya miƙo mata na ido. Mai faci ya leƙo da zolayarsa, ya ga fuskarsa, ya koma bakin aikinsa. Sau uku Baba yana aiko maƙwabciya ta tambaya ko an ji wani labari.

Washegari da hantsi likitar ta kira shi, ta ce ya zo shi kaɗai. Ya same ta a baranda riƙe da takarda. Ta cikin taga yana hango Toka kwance a keji, robar ruwa na ɗiga a ƙafarsa.

Ta ce, "Kawu, ƙodarsa ta tsaya. Tun jiya nake sa masa ruwa, ko ɗigon fitsari bai yi ba. Cikinsa kuma duk gyambo ne, jini yake zubarwa. Na sha ganin irin wannan. Ba tsutsa ba ce, ba maganin ɓera ba ne. Don girman Allah ka gaya mini gaskiya, ba don in kunyata ka ba."

Dokta ya zauna a kan benci. Ya faɗi sunan ƙwayar. Ya faɗi yawanta, ya faɗi kwanakin.

Likitar ta ce, "Huɗu a rana, kwana biyar. Kawu, ko babban mutum aka ba haka sai an yi hattara, balle kare. Jikinsu ba ya fitar da wannan magani kamar namu. Taruwa yake yi, ya huda ciki, ya kashe ƙoda."

"Yanzu me za a yi? Ko me ake bukata zan nemo. Ina da mutane, ko daga ina ne za a kawo."

"Babu maganin da ke tayar da ƙodar da ta mutu."

"Da na faɗa miki jiya fa?"

Ta ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba. Jiya ma wataƙila an makara, sai dai da na san abin da nake yaƙi da shi. Amma ranar da ya fara amai, da an kawo shi an faɗi gaskiya, ina kyautata zaton da yanzu yana gida. Ranar farko kuwa, ka ga dai abin da na cire."

Duk sunayen magungunan da Dokta ya haddace suka yi ta zagaya kansa, babu ɗaya da zai yi amfani. Ta ce za ta ƙara gwada yini ɗaya da ruwa, in babu canji, to sai mai karen ya zo ya yanke shawara.

Babu canjin da aka samu. Washegari da la'asar Dokta ya ɗauko Baba da Auta a mota. Sai da suka tsaya a ƙofar asibitin, ya kashe mota, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya faɗa musu gaskiya game da ƙwayoyin. Auta ta dafe ƙirji ta ce, "Yaya! Kuma ka tsaya a gabana ka ce shi ke nan?" Baba ya buɗe ƙofa, ya sauko da ƙafarsa mai ciwo da hannu, ya ƙi yarda kowa ya riƙe shi.

An fito da Toka an kwantar da shi a kan bargo a ƙasa, saboda Baba ba zai iya tsayuwa a bakin tebur ba. Aka ba tsohon kujera. Da karen ya ji ƙamshinsa, sai ya motsa hanci, ya ja kansa kaɗan-kaɗan har ya ɗora a kan ƙafar Baba ta hagu. Numfashinsa yana fita da ƙyar. Baba ya sunkuya ya dafa kansa.

"'Yata," ya ce wa likitar, "yana jin zafi?"

"Yana ji, Baba. Na yi masa allura ta rage, amma yana ji."

"Zai tashi?"

"A'a, Baba. Kwana ɗaya ne ko biyu, kuma masu wuya ne. Akwai allurar da zan yi masa ya yi barci, ba zai farka ba. Amma sai in ka yarda."

Baba ya daɗe yana shafa kunnen karen. Sannan ya yi magana, ba tare da ya dubi kowa ba. "Da hannuna na ba shi. Ranar nan ya ƙi, ya kau da kai. Ya fi mu sani. Ni na zauna na yi ta lallashinsa har ya karɓa, don ya yarda da ni."

Dokta ya durƙusa a gefen kujerar. "Baba, laifina ne. Ni na ce ka ba shi. Ka yafe mini."

"Na tambaye ka," in ji Baba. "Na ce wannan ba na mutane ba ne?"

Dokta ya sunkuyar da kai. Auta ta juya ta fuskanci bango tana kuka.

Baba ya ce, "Hutar da shi, 'yata."

Ba a ɗauki lokaci ba. Ƙirjin ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa a hankali, daga nan bai ƙara ba. Likitar ta sa abin sauraro, ta gyaɗa kai. Baba bai janye ƙafarsa ba sai da aka ɗaga kan.

Dokta da mai faci ne suka haƙa rami a bayan gida suka binne shi. Mai faci bai yi zolaya ba ranar, kuma bai tambayi komai ba, ko da yake labari ya riga ya zaga unguwa.

Baba bai yi wa ɗansa faɗa ba, bai kuma daina amsa gaisuwarsa ba. Da ma ya yi faɗan, da Dokta ya fi samun sauƙi. Abin da ya daina shi ne fita. Kullum da safe Dokta yakan zo kafin ya buɗe shago, ya ce, "Baba, tashi mu taka, ni zan riƙe ka." Baba ya ce, "Yau jikin ba daɗi, sai gobe." Tsofaffin benci suka zo har gida suka yi masa tsiya, ya yi musu murmushi, bai tashi ba. Cikin wata biyu ƙafar ta sandare, har banɗaki sai an kai shi. Dokta ya ɗauke shi zuwa asibiti, wannan karon bai ce ya san komai ba, ya zauna ya saurara. Likitan ya ce abin da aka rasa zai yi wuya ya dawo a wannan shekarun, ya rubuta motsa jiki, ya ce sai mai jikin ya so.

Auta ta je wurin likitar dabbobi, ta samo ɗan kwikwiyo ja da aka tsinta a bayan kasuwa, ta kawo shi a kwali. Ta ajiye a gaban Baba tana fara'ar dole. Kwikwiyon ya fito yana tangaɗi, ya kama bakin zanen gado yana ja. Baba ya kalle shi, har fuskarsa ta ɗan saki. Dokta yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo.

Sai Baba ya girgiza kai. "Mayar da shi, Auta. Ki nema masa gidan da akwai mai ƙafa. Wannan gudu zai so, ni kuwa na gama."

Auta ta dubi yayanta, shi ma ya dube ta. Ta mayar da kwikwiyon cikin kwali ta fita da shi. Dokta ya shigo ya zauna a ƙasa a gaban gado, ya ɗora ƙafar mahaifinsa a cinyarsa, ya fara lanƙwasa ta yana miƙewa kamar yadda likita ya nuna masa. Ƙafar ta yi nauyi kamar itace. Ya ƙirga goma, ya sake farawa. Baba ya juya fuska wajen taga, ya bar shi yana yi.

Mai karatu, darasin wannan labari a fili yake. Sanin abu ɗaya ba ya nufin sanin komai, kuma tambayar wanda ya karanci abu ba ta rage wa kowa daraja, ko da ka girme shi. Dabbar da ke hannunka ba ta da bakin da za ta ce maka ga inda ke mata ciwo, ko ta ce abin da kake ba ta yana cutar da ita. Kada ka ba ta maganin mutane bisa zato. In ta yi ɗingishi, ka duba ta da hannunka. In ta yi amai, ko ta ƙi abinci, ko kashinta ya sauya, ka kai ta wurin likitan dabbobi da wuri. In kuma ka riga ka yi kuskure, ka faɗe shi tun ana iya gyarawa, domin kunyar minti ɗaya ta fi sauƙi a kan nadamar da ba ta da magani. Girman kai ba a kan mai shi kaɗai yake ƙarewa ba. Waɗanda suka yarda da shi su ne suke fara shan wahalarsa.